Launin Jatan Lande

A gidanmu na Rogo ba a cin tsaraba a banza. Idan Baba, Allah Ya jiƙansa, ya taso daga kasuwa bayan la'asar, sai ya jingine babur a zaure, ya shigo da leda a hannu, ya zauna bakin tabarma ya ɗora ledar a cinya. Mun san akwai ƙuli-ƙuli a ciki, ko rake, ko dabino idan kasuwa ta yi kyau, amma babu mai taɓawa sai an amsa tambaya. Mu shida ne, haka za mu jeru a gabansa kamar masu jiran allura.

"A wane gari jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan?"

Yayana ya ce Legas, domin a ganinsa duk abin kirki daga can yake farowa. Baba ya girgiza kai, ya dube ni.

"Uwata?"

"Kano, Baba."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba. Ranar ni na cinye dabinon, sauran suna hararata, ni kuwa ko a jikina.

Gyaran rediyo ne sana'arsa. Rumfarsa tana ɓangaren masu sayar da batir da tocila, kuma tun safe har yamma akwai rediyo aƙalla uku da ke magana a lokaci guda, kowace da tasharta. Duk abin da ya ji ya burge shi sai ya ajiye hantsaki, ya goge hannu a gefen riga, ya rubuta a wani littafi mai baƙin bango, wani layin da boko wani da ajami. Ya san zobba nawa ne a tutar gasar Olamfik. Ya san tsawon gudun fanfalaki, kilomita arba'in da biyu da 'yar ɗoriya, ko da yake ban taɓa ganin ya yi gudu ba, ko ranar da ragon layya ya tsinke. Yana jero ƙofofin Kano da garuruwan Hausa bakwai ba tare da ya numfasa ba. Ya san waɗanda suka rubuta littattafan da bai taɓa riƙewa a hannu ba, har da ƙasashensu. Abin da ya fi ji da shi shi ne zancen baƙin akwatin jirgin sama, wanda ake nema idan jirgi ya faɗi. Duk baƙon da ya zo gidanmu sai ya faɗa tarkon.

"Wane launi ne baƙin akwatin jirgi?"

Baƙo ya yi dariya ya ce baƙi mana. Baba ya gyara zama cikin jin daɗi ya ce a'a, ruwan lemo ne, don a hango shi cikin tarkace. Inna takan leƙo daga madafi ta ce, "Malam, ka bar bawan Allah ya sha ruwa tukuna."

Yana da doka ɗaya. Idan ba ka san abu ba, ka ce ban sani ba, za ka samu rabin ƙuli-ƙuli. Idan ka yi shaci-faɗi kuwa, ko ƙamshi ba za ka ji ba. Sai dai ni a iya sanina a lokacin, ban taɓa jin shi da kansa ya ce ban sani ba, kuma ban taɓa zaton akwai ranar da zai buƙaci faɗa ba.

Ina aji biyar na sakandare aka shirya gasar kacici-kacici tsakanin makarantun 'yan mata na yankinmu. Makarantarmu ta kai wasan ƙarshe, za mu kara da 'yan Karaye a can garinsu. Mu uku aka zaɓa, ni ce shugaba, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura har ɗankwali ya yi mini kaɗan. Malaminmu ya ba mu takardar fannonin da za a yi tambaya a kai: tarihi, wasanni, adabi, sufurin sama, sai na ƙarshe, abincin teku.

Na kai wa Baba takardar. Huɗun farko ya yi murmushi kawai, ya buga littafinsa da tafin hannu. Da ya zo na biyar sai ya ajiye takardar. Ya buɗe littafin daga farko har ƙarshe, babu komai sai layi biyu a kan gishirin teku da wani ƙaton kifi da aka ce ya fi giwa girma. Mu kifinmu tarwaɗa ne da karfasa, waɗanda masunta ke kawowa daga dam ɗin Challawa. Teku kuwa a bakin rediyo kawai muka san shi.

Washegari ya dawo gida da ƙunshin takarda maimakon tsaraba. Akwai wata mata 'yar Kudu a kasuwa da ke sayar da kayan miyarsu, wajenta ya je ya sayo jatan lande. Ya shimfiɗa farar takarda a kan tabarma, ya zazzage su, ya ɗauko hantsakinsa da gilashin da yake duba ƙananan wayoyin rediyo da shi. Warin ya cika tsakar gida, Inna ta toshe hanci ta ce in dai wannan ne abincin teku to Allah Ya bar mu da kukarmu.

Ya fi awa guda a sunkuye. Ya ƙirga ƙafafun ɗaya ya samu bakwai, na biyu ya samu huɗu, na uku ko ɗaya babu. Ya ɗago ya ce mini, "Ƙafafun sun kakkarye a buhu. Idan aka tambayi ƙafa, ki ce ba ki sani ba." Sannan ya ɗaga guda ɗaya da hantsaki ya kara a hasken rana, ya jujjuya shi.

"Amma launi kam ga shi muna gani. Ja ne. Wannan ba a rediyo na ji ba, Uwata, da idona na gani. Gani ya kori ji."

Ya rubuta a sabon shafi: jatan lande, ja. Ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Sauran ya mayar cikin takardar ya naɗe ya sa a aljihu.

Ranar gasar ya rufe rumfa, abin da ba ya yi ko da zazzaɓi. Sauran ɗalibai suka tafi a motar da makaranta ta ɗauko, ni kuwa ya ce a babur ɗinsa zan tafi, don ya ƙarasa yi mini bita a hanya. Tun daga Rogo har Karaye yana jefo tambaya ta kan kafaɗa, ina amsawa cikin iska. Damina ce, dawa ta kai ƙugu, gonakin gyaɗa sun yi shar a hagu da dama. Har yau idan aka ce in tuna ranar da na fi jin daɗi a duniya, wannan tafiyar nake tunawa, kafin mu isa.

Zauren taron ya cika da iyaye da malamai. Alƙalin gasar wani mai bautar ƙasa ne daga can bakin teku, yana karanta tambaya da Turanci, wani malami yana maimaitawa da Hausa saboda iyaye. Muka yi ta fafatawa. Aka tambayi zobban Olamfik, na cafke. Aka tambayi baƙin akwati, na amsa tun kafin a rufe baki, na hango Baba a layi na uku yana gyara hula yana duban na kusa da shi. 'Yan Karaye ma ba kanwar lasa ba ne. Da aka gama zagayen ƙarshe makinmu ɗaya da nasu, sai aka ce za a yi tambaya guda ta raba gardama.

"Wane launi ne jatan lande idan yana da rai a cikin ruwa?"

Ƙa'ida ita ce shugaba ta shawarci abokan zamanta kafin ta amsa. Ban ko waiwaye su ba. Na miƙe tsaye na ce ja.

Alƙalin ya girgiza kai, ya juya wajen 'yan Karaye. Wata siririyar yarinya, wadda daga baya na ji an ce a Legas aka haife ta, ta ce a hankali, "Ruwan toka." Aka ce ta ci. Ɓangarensu ya kaure da tafi da guɗa.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Sai na ji muryar Baba. Ya miƙe, ya ɗaga hannu kamar ɗalibi, yana cewa a yi haƙuri, akwai kuskure. Ya ratso mutane ya zo gaban teburin alƙalai, ya ciro ƙunshin takardar nan daga aljihu, ya warware a gabansu.

"Ranka ya daɗe, ga shi nan. Kowa ya duba. Wannan ruwan toka ne?"

Sai dariya ta fashe daga baya ta taho har gaba. Alƙalin bai yi dariya ba, Allah Ya saka masa. Ya yi magana a tausashe, malamin ya fassara: "Ya ce Baba, wannan matacce ne, an dafa shi an busar. Wuta ce ke mayar da shi ja. Mai rai ba haka yake ba." Baba ya dubi takardar, ya dubi alƙalin. Ya naɗe ta a hankali ya mayar aljihu, ya ce na gode, ya koma mazauninsa. Wasu 'yan mata a bayana suna ta cewa baban mai jatan lande, suna ƙyalƙyala dariya.

Muka kama hanyar komawa. Ina bayansa a babur, ina kallon ƙeyarsa, zuciyata tana tafasa. Ni mutum ce mai saurin fushi tun ina ƙarama, kuma bakina ba ya jiran izinin kaina. Mun wuce wata gada kenan na ce:

"Baba, ka daina koya wa mutane abin da ba ka sani ba. Kai da ko Zariya ba ka taɓa wucewa ba."

Na yi zaton zai tsayar da babur ya yi mini faɗa, har na shirya kuka. Bai tsaya ba, bai ma rage gudu ba. Can sai ya ce, "Haka ne, Uwata."

Washegari ya dawo daga kasuwa da ledarsa. Muka jeru. Ya miƙa wa Inna ledar ya ce ta raba mana, ya shige ɗaki. Ranar da ta biyo baya ma haka. Ƙannena suka yi ta murna, an samu ƙuli-ƙuli ba wahala. Ni kuwa na kasa cin nawa. Littafin nan mai baƙin bango ya bar rumfa ya koma ƙasan akwatin ƙarfe. Baƙi suka riƙa zuwa suna shan ruwansu lafiya.

Bai yi fushi da ni ba, wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Ya ci gaba da kirana Uwata. Shi ya kai ni tasha ranar da zan tafi jami'a, shi ya ɗaura mini katifa a saman mota. Ina so in ba shi haƙuri, amma a gidanmu ba a saba ɗiya ta zauna gaban uba ta tono magana ba, kuma duk ranar da na ɗaura niyya sai in ce bari sai gobe. Na gwada dabara. Nakan ce, "Baba, wai wace ƙasa ce ta fara cin kofin duniya?" Sai ya ce, "Ai ku ne 'yan boko, ku za a tambaya." Ya faɗa da murmushi, ya ci gaba da jan carbinsa.

Bayan karatu aure ya kai ni Legas. Kowace Juma'a ina kiransa a waya. Ya tambayi lafiyata, da maigidan, da yara, da ruwan sama. Duk tambayoyi ne, amma na gaisuwa, waɗanda amsarsu ɗaya ce tun kaka da kakanni. Idan na ajiye wayar sai in ji kewarsa ta fi kafin in kira. Kewar mutumin da ke zaune bakin tabarma da leda a cinya nake yi, kuma na san ni na kore shi.

Wata safiya maƙwabciyata ta ja ni kasuwar kifi ta bakin ruwa, inda masu kwalekwale ke sauke kamun asuba. A cikin wata roba na gan su, suna ta tsalle suna wutsil-wutsil. Ruwan toka ne, garai-garai, har kana hango cikinsu. Shekara goma sha ɗaya da gasar nan, ranar na fara ganin jatan lande mai rai. Na tsaya a kansu har mai sayarwa ta gaji ta ce in saya ko in ba mutane wuri. Abin da ya faɗo mini shi ne, duk wanda bai zo nan ba, ta ina zai sani? Baba ya yi iya abin da mai hankali zai yi. Ya je ya nemo, ya duba da gilashi, ya ƙi yin shaci-faɗi a kan ƙafa. Ni da na zage shi, me na sani a ranar wanda ba shi ya koya mini ba?

Sati biyu bayan nan na koma kasuwar da sassafe da kula cike da ƙanƙara. Na zaɓi manya goma sha biyu, aka jera su, aka naɗe kular da leda da salatif. Daga nan sai filin jirgi. Ranar na fara shiga jirgin sama, amma rabin hankalina yana kan kular da aka tura cikin kaya. Daga Kano na hau motar Karaye, na rungume ta a cinya, direba yana ta tsayawa ɗaukar fasinja ina ta yi masa masifa. A Karaye na sayi ƙarin ƙanƙara wajen masu sayar da lemo. Ana kiran la'asar na sauka a Rogo.

Inna ta tare ni a zaure. Bayan mun gaisa sai ta riƙe hannuna, ta rage murya.

"Kada ki nuna kin firgita. Idon Malam ya tafi tun kafin azumi. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, jijiyar ce ta mutu. Shi ya hana a gaya miki."

A waya yakan ce ido ya ɗan yi hazo, ni kuma ban taɓa bin zancen ba. Na tsaya riƙe da kula, ruwan ƙanƙara yana ɗiga a kan ƙafata. Na ɗauko abu tun daga bakin teku don a gani da ido.

Yana zaune bakin tabarmarsa, ƙaramar rediyo a gefensa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya juyo da fuska wajen muryata, ya yi ta sa albarka, ya tambayi hanya da mutanen gida. Sannan ya ɗaga hanci.

"Ƙarnin me nake ji haka?"

"Jatan lande ne, Baba. Ɗanye, wanda wuta ba ta taɓa ba. Da safen nan aka kamo shi."

Na fara da-na-sanin zuwa da shi. Sai ya kashe rediyon, ya buɗe tafin hannu. Na ɗora masa guda ɗaya. Sanyin ya sa ya ɗan zabura. Ya bi bayansa da ɗan yatsa, ya taɓa dogon gashin bakin, ya juya shi ya fara lalubar ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa suna motsi.

"Waɗannan ba su karye ba," in ji shi. Ya ɗago fuska. "Uwata, wane launi ne?"

Shekara goma sha ɗaya ina jiran tambaya daga bakin nan. Da ta zo, ba irin ta da ba ce, wadda ya riga ya san amsarta yana jira in faɗa tarko. Wannan so yake a gaya masa. Na share hawaye da gefen mayafi na duba da kyau, don kada in yi shaci-faɗi.

"Ruwan toka ne, Baba, da ɗan duhu-duhu a gadon baya. Amma wannan ma ya mutu a hanya. Mai rai ya fi haka haske, har cikinsa ana hangowa."

"Da idonki kika gani?"

"Da idona."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗaga murya ya ce Inna ta kawo tafasasshen ruwa a kwano, ta kuma ɗauko masa littafi a ƙasan akwati. Inna tana mita ta kawo duka biyun. Ya ce in saka guda ɗaya a ruwan, in riƙa gaya masa abin da ke faruwa. Na saka.

"Yana lanƙwashewa, Baba. Wutsiyar ta fara ja. Yanzu ya hau bayan. Ya zama ja gaba ɗaya."

Sai ya fashe da dariya, irin wadda na manta yana da ita, har yana buga cinya.

"Ashe ba ƙarya na yi ba. Makara na yi!"

Ya ce in buɗe littafin in gyara. Shafin yana nan yadda ya bar shi, jatan lande, ja, da layi biyu a ƙarƙashi, bayansa kuma duk farar takarda ce har ƙarshe. Ya ce kada in soke nasa, in ƙara a gaba: idan an dafa. A ƙasa in rubuta mai rai, ruwan toka. Ina rubutawa na ce, ba tare da na ɗago ba, "Baba, ka yafe mini maganar da na faɗa a kan babur."

"Gaskiya kika faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Na yafe tun kafin mu iso gida. Kunya ce ta hana ni sake buɗe baki." Ya gyara zama. "An ce a jirgi kika zo. Kin ga baƙin akwatin?"

"Ban gani ba."

"A ina suke ajiye shi?"

"Ban sani ba, Baba."

"To, rabi ke nan."

Ya sa hannu a aljihu yana lalube, ya ciro dabino guda, ya raba shi biyu da farce. Ya miƙo rabin, amma ba daidai inda nake zaune ba, can gefe wajen da babu kowa. Na matsa na kai hannuna inda nasa yake.